Amin a bakin mawaƙa: Daga majami'un Turai zuwa waƙoƙin Baƙaƙen Amurka

Kalmar "Amin" tana cikin 'yan kalmomin da Bayahude da Kirista da Musulmi ke furtawa a ibadarsu kusan da lafazi ɗaya. Gaɓoɓinta biyu ne kacal, kuma a asali amsa ce: wani ya yi addu'a ko ya faɗi magana, jama'a su tabbatar da ita. Sai dai a hannun masu tsara waƙoƙin coci wannan gajeriyar amsa ta zama waƙa mai zaman kanta, wadda ƙungiyar mawaƙa kan shafe mintuna tana rerawa da muryoyi huɗu ko takwas. Tarihin hakan ya bi hanya biyu. A majami'un Turai horarrun mawaƙa sun karɓi kalmar daga bakin jama'a suka ƙawata ta. A wajen Baƙaƙen Amurka, jikokin bayi, ta zauna a bakin jama'a, ta zama amshin da ake ɗora waƙa a kansa.

Asalin kalmar

Kalmar ta Ibrananci ce, daga saiwa mai haruffa uku, alif da mim da nun, wadda ke ɗauke da ma'anar tabbata da dogaro da riƙon gaskiya. Larabci ma yana da wannan saiwa, kuma daga gare ta Hausa ta samu amana da imani da mumini da amini. Wanda ya ce Amin yana nufin maganar ta tabbata, ko kuma Allah Ya sa haka.

A Littafi Mai Tsarki na Ibrananci, wanda Kiristoci ke kira Tsohon Alkawari, kalmar ta zo kimanin sau 30. A babi na 27 na Kubawar Shari'a an jero la'anoni goma sha biyu da Lawiyawa za su shelanta, aka umarci jama'a su amsa kowacce da Amin. A littafin Nehemiya, da Ezra ya buɗe Attaura a gaban taro ya yabi Ubangiji, mutane suka ɗaga hannuwa suka amsa da ita sau biyu. Huɗu daga cikin sassa biyar na Zabura ma da ita aka rufe su. Talmud, babban kundin malaman Yahudawa, ya ba da labarin wata majami'a a Iskandariya ta Masar wadda saboda girmanta na baya ba sa jin mai jan addu'a, sai wani ma'aikaci ya tsaya a tsakiya yana kaɗa ƙyalle idan lokacin amsawa ya yi.

Kiristocin farko sun gaji kalmar, ba su fassara ta zuwa Girkanci ko Latin ba. Bulus, a wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa, ya ja kunnen masu addu'a da harshen da ba a fahimta, domin wanda bai ji abin da aka faɗa ba, ba shi da hanyar cewa Amin. Justin Shahidi, da yake bayyana ibadar Kiristocin Rum wajen shekarar 155, ya ce jama'a duka ne ke amsawa idan shugaba ya gama addu'ar godiya. Jerome, wanda ya rasu a 420, ya kwatanta ƙarar wannan amsa a majami'un Rum da tsawa.

A Musulunci ana faɗin Amin bayan Fatiha a sallah da kuma bayan addu'a, kodayake ba ta cikin ayoyin surar. Malikiyya sun fi son a asirta ta, Shafi'iyya da Hanbaliyya kuwa suna bayyana ta a sallolin da ake karatu a fili. Tsara mata waƙa mai muryoyi daban-daban al'ada ce ta coci.

Yadda ta koma hannun mawaƙa

A Yammacin Turai ibada ta ci gaba da gudana da Latin ɗaruruwan shekaru bayan talakawa sun daina jin harshen. A hankali limamai da horarrun mawaƙa suka ɗauke yawancin amsoshin da a da na jama'a ne. Da farko ana rera su da kari ɗaya, kowa a kan layi guda, a salon da ake danganta wa Fafaroma Gregory. Da aka ƙware wajen haɗa muryoyi masu bin hanyoyi daban-daban a lokaci guda, sai Amin ta samu matsayi na musamman.

Dalilin a fili yake. A ibadar Mas ta Katolika akwai dogayen sassa biyu, Gloria, wato waƙar ɗaukaka Allah, da Credo, wato furucin bangaskiya, kuma dukkansu da Amin suke ƙarewa. Kalmominsu suna da yawa, dole a rera su cikin hanzari, kusan kowace gaɓa da sauti ɗaya, don a ji abin da ake faɗa. Hukumomin coci ma sun sha nuna damuwa kan kiɗan da ke binne kalmomi, har a babban taron Trent na 1545 zuwa 1563. Amin kuwa kowa ya san ta, ba wanda za ta ɓace wa komai aka ja ta. Ga shi wasalinta na farko buɗaɗɗe ne, shi ne mafi sauƙin ja a maƙogwaro. Nan ne mai tsara waƙa ke samun filin baje basirarsa ba tare da an zarge shi da ɓata saƙo ba.

Misali sananne shi ne Messe de Nostre Dame ta Guillaume de Machaut, limami a birnin Reims na Faransa, wanda ya rasu a 1377. Ita ce cikakkiyar waƙar Mas mafi daɗewa da aka san mutum ɗaya ne ya tsara ta. A sassan Gloria da Credo muryoyin huɗu suna tafiya tare, gaɓa da gaɓa, amma da an iso Amin sai su warwatsu, kowacce ta kama hanyarta, suna jan kalmar suna karɓe ta daga bakin juna.

Amin ta Handel da ba'ar Berlioz

A ƙarni na 18 al'adar ta kai ƙololuwa da salon da ake kira fuga. A wannan salo murya ɗaya ce ke fara kari, sai ta biyu ta shigo da karin nan a wani mataki alhali ta farko tana ci gaba, haka har muryoyin su cika suna bin sawun juna suna sarƙewa.

Mafi shahara ita ce wadda ta rufe Messiah, aikin George Frideric Handel, Bajamushen da ya zauna a Landan. Ya tsara aikin cikin kwana 24 a 1741, aka fara rera shi a Dublin ranar 13 ga Afrilu, 1742, a wani taron tara kuɗi don asibitoci da fursunonin bashi. Sashen ƙarshe an ɗauko kalmominsa daga babi na 5 na Wahayin Yahaya, sannan kalmar Amin ita kaɗai ta riƙe sama da minti uku. Masu kakkaurar murya ne ke farawa, sauran ukun su biyo baya ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Sai mawaƙa su yi shiru a bar masu goge su ɗauki karin su kaɗai, kafin kowa ya dawo tare da kakaki da tambura. Dab da ƙarshe komai yakan tsaya cak na ɗan lokaci, sannan a dire a hankali. Pergolesi a 1736 da Rossini bayan kimanin shekara ɗari duk sun rufe waƙoƙinsu na Stabat Mater da Amin mai irin wannan bin sawu.

Ba kowa ne abin ya burge ba. Hector Berlioz na Faransa yana ganin cewa maimaita kalmar miƙa wuya da sauri da kururuwa ya saɓa wa ma'anarta. A aikinsa La damnation de Faust na 1846 ya sa mashaya a wani gidan giya na Leipzig suka rera cikakkiyar fuga ta Amin a matsayin makokin ɓeran da ya ci guba. Tambayar da ba'ar ta ɗauko ita ce, idan gwaninta ta yi yawa, shin addu'a ake yi ko nuna iyawa.

Gajerun Amin na ƙarshen ibada

Baya ga waɗannan manyan ayyuka, akwai gajerun Amin da aka tsara don rufe addu'a ko sa albarka. Mafi tasiri ita ce Amin ta Dresden, wadda ake danganta wa Johann Gottlieb Naumann, shugaban mawaƙan fadar Dresden a Jamus, wanda ya rasu a 1801. 'Yan sautuka ne da ke hawa mataki-mataki, kuma majami'un Katolika da na Lutheran na yankin Saxony duk sun karɓe ta. Felix Mendelssohn ya saka ta a kiɗan da ya tsara a 1830 don cikar shekara 300 da furucin bangaskiya na Augsburg. Richard Wagner, wanda ya yi aiki a Dresden a shekarun 1840, ya mai da ita alamar ƙoƙo mai tsarki a wasansa Parsifal na 1882.

A Ingila, John Stainer, makaɗin ogan na babbar majami'ar St Paul da ke Landan daga 1872 zuwa 1888, ya tsara Amin mai ninki bakwai, wadda ke farawa a hankali, ta kumbura, ta sake lafawa. A Amurka Peter Lutkin na Jami'ar Northwestern ya rufe waƙarsa ta sa albarka ta 1900 da irin wannan, kuma har yau ƙungiyoyin mawaƙan makarantu na rufe taro da ita. Gerald Finzi ya ƙare wata waƙarsa ta 1946 da Amin mai muryoyi takwas. Henryk Górecki na Poland kuwa a 1975 ya tsara waƙa sukutum da ba ta da wata kalma sai ita.

Wadda ta fi shiga kunnen talaka ita ce mafi gajarta: haɗin sautuka biyu, daga wanda aka gina a kan mataki na huɗu zuwa na mataki na farko, wato gidan da waƙa ta taso. Saboda yawan amfani da ita a coci, makaɗa na kiran wannan dira da dirar Amin ko da a waƙar da ba ta addini ba. Kundin waƙoƙin Angilikan mai suna Hymns Ancient and Modern, wanda aka buga a 1861, ya yaɗa al'adar liƙa ta a ƙarshen kowace waƙa, kuma irin waɗannan kundaye ne 'yan mishan suka kai Afirka da Asiya. Daga baya masana irin su Erik Routley suka soki al'adar. Hujjarsu ita ce Amin amsa ce ga maganar wani, don haka jama'ar da suka rera waƙa da bakinsu ba sa buƙatar amsa wa kansu. Kundayen da aka buga daga shekarun 1970 sun cire ta daga yawancin waƙoƙi. A ɓangaren Katolika, babban taron Vatican na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar ibada da harsunan gida, ya kuma nace kan shigar jama'a. Amin da ke rufe addu'ar tsarkake gurasa da ruwan inabi ta dawo bakin taro, har ana kiran ta Babbar Amin.

A gandayen bayi na Amurka

A kudancin Amurka labarin ya bi wata hanya. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya sun tarar da dokoki da suka toshe musu kusan duk abin da waƙar cocin Turai ta dogara a kai. Jihohi da dama sun haramta koya musu karatu. A South Carolina, bayan tawayen Stono na 1739, dokar 1740 ta hana su riƙe ganguna. Bayan tawayen Nat Turner na 1831 aka ƙara tsananta musu kan taruwa don ibada ba tare da sa idon farar fata ba. Abin da ya rage musu shi ne murya da tafi da dukan ƙasa da ƙafa, a ɓoye cikin dazuzzuka ko a ƙananan ɗakunan yabo na tsibiran gaɓar South Carolina da Georgia.

A irin wannan hali waƙar da za ta rayu ita ce wadda mutum ɗaya zai ja, saura su karɓa da gajeren amshi mai sauƙin riƙewa. Masana sun danganta wannan tsari da al'adun Afirka, kuma ba baƙo ba ne ga kunnen Bahaushe da ya saba jin makaɗi yana ja 'yan amshi suna karɓa. Waɗanda suka tattara kundin farko na waƙoƙin bayi, Slave Songs of the United States, mai waƙa 136, wanda aka buga a 1867, sun bayyana cewa jagora kan fara baiti, sau da yawa yana ƙirƙirar kalmomin nan take, saura su shigo da amshi, kowa da irin karyawar muryarsa, abin da rubutun kiɗan Turai ya kasa kamawa yadda yake.

Wa'azi ma haka yake tafiya a majami'un Baƙaƙen. Mai wa'azi yakan yanka maganarsa gunduwa-gunduwa, jama'a na cike gurbin da Amin, har muryarsa ta rikiɗe ta koma rerawa. Kujerun da ke kusa da mumbari, inda dattawan da suka fi kowa amsawa ke zama, su ake kira lungun Amin, kuma daga nan James Baldwin ya samo sunan wasan kwaikwayonsa The Amen Corner na shekarun 1950. Amin a nan tana zuwa a farko da tsakiya da ƙarshe, kuma da ita mai wa'azi ke gane ko jama'a na tare da shi.

Bayan kawar da bauta a 1865, waƙoƙin ruhaniya na bayi suka hau dandalin kallo. Mawaƙan Jubilee na Jami'ar Fisk da ke Nashville sun fara rangadi a 1871 don ceto makarantarsu daga durƙushewa, a 1873 kuma suka rera a gaban Sarauniya Victoria. Sun rera waƙoƙin iyayensu a tsarin muryoyi huɗu na Turai. Harry Burleigh da Nathaniel Dett da William Dawson da Hall Johnson suka ɗora a kan wannan aiki, suna neman yadda za a rubuta waƙoƙin ba tare da an kashe amshinsu ba.

Jester Hairston da waƙar "Amen"

Waƙar da ta fi bayyana wannan tsari ita ce wadda ake kira "Amen" kawai. Ƙungiyar mawaƙa ba ta faɗin komai sai wannan kalma, tana maimaita ta a kan kari ɗaya mai hawa da sauka. A kan wannan shimfiɗa jagora ke ba da tarihin Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), kamar yadda Kiristoci suka yi imani da shi: haihuwa, zama da malamai a Haikali, baftisma a Kogin Urdun, gicciye da tashi. Kowane guntun labari yana faɗawa a tsakanin Amin biyu, kamar wa'azin da aka mai da waƙa. Wanda bai taɓa jin ta ba zai iya shiga amshin kafin a gama baitin farko.

Ƙungiyar Wings Over Jordan ta birnin Cleveland, wadda ta yi suna a rediyon CBS, ta naɗi waƙar a faifai a ƙarshen shekarun 1940. Amma sunan da ya manne mata shi ne na Jester Hairston, jikan bayi, wanda aka haifa a North Carolina a 1901 ya rasu a 2000. Ya yi karatu a Jami'ar Tufts, ya shiga ƙungiyar mawaƙan Hall Johnson, ya bi ta zuwa Hollywood don fim ɗin The Green Pastures na 1936, ya kuma zauna can yana tsara waƙoƙin finafinai. Tsarin da ya yi wa "Amen" shi ne aka yi amfani da shi a fim ɗin Lilies of the Field na 1963.

Fim ɗin labarin wani baƙar fata ne mai aikin hannu, ɗan ɗariƙar Baptist, da ya yada zango a hamadar Arizona wajen wasu sistocin Katolika 'yan gudun hijira daga Turai, har ya gina musu ɗakin ibada. Sistocin ba su iya Turanci sosai ba, amma Amin ba ta buƙatar fassara, don haka su suka riƙe amshin shi yana ja. Sidney Poitier ne ya fito a matsayin magini, sai dai muryar da ake ji tana waƙar ta Hairston ce. A 1964 Poitier ya zama baƙar fata na farko da ya ci kyautar Oscar ta gwarzon jarumi. A ƙarshen fim ɗin, a gurbin da aka saba rubuta cewa an kammala, kalmar Amen aka rubuta.

Daga coci zuwa titi da faifai

Lokacin ya zo daidai da gwagwarmayar neman 'yancin Baƙaƙen Amurka, wadda a majami'u aka fi shirya tarukanta. Masu zanga-zanga sun riƙa rera karin waƙar suna sa kalmar 'yanci a gurbin Amin. A 1964 ƙungiyar The Impressions ta Curtis Mayfield ta fitar da nata salon mai takun maci, ya kai matsayi na 7 a jadawalin Billboard.

A 1969 ƙungiyar The Winstons ta birnin Washington ta naɗi kiɗa zalla a kan karin waƙar, mai suna "Amen, Brother". A tsakiyarsa mai ganga Gregory Coleman ya yi wani bugu shi kaɗai na kimanin daƙiƙa bakwai. Wannan guntu, da ake kira Amen break, an yanke shi an saka a dubban waƙoƙi, daga "Straight Outta Compton" ta ƙungiyar N.W.A a 1988 zuwa kaɗe-kaɗen rawa na Birtaniya na shekarun 1990. Coleman ya rasu a 2006 bai samu ko kwabo daga wannan amfani ba. Sai a 2015 masoya kiɗa suka yi karo-karo ta intanet suka tara wa shugaban ƙungiyar, Richard Spencer, kimanin fam 24,000.

A cikin coci kuwa hanyoyin biyu sun sake haɗuwa. Richard Smallwood, wanda ya karanci kiɗan gargajiyar Turai a Jami'ar Howard ta Baƙaƙen Amurka, ya fitar da waƙar bishara mai suna "Total Praise" a 1996, wadda ya gina a kan Zabura ta 121. Ya rufe ta da doguwar Amin inda muryoyi ke shigowa suna hawa kan juna irin na manyan majami'un Turai, amma a saukake yadda jama'ar da ke zaune kan miƙe su shiga ciki, kowa ya kama muryar da ta dace da shi. Andraé Crouch ma a 2011 ya fitar da "Let the Church Say Amen", wadda ake yawan rufe ibada da ita. A watan Satumba na 2015, lokacin da Shugaba Barack Obama ya karɓi Fafaroma Francis a Fadar White House, mawaƙan majami'ar St Augustine, tsohuwar cocin Baƙaƙen Katolika ta Washington, waƙar Smallwood suka rera a gabansa.